Likitoci Biyu a Kan Keke Ɗaya: Tarihin Binciken da Ya Tono Sirrin Tsoka

A shekarar 1966, a asibitin St. Erik da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, wasu likitoci biyu suka girke keken motsa jiki a tsakaninsu, kowa ya zauna a gefe guda. Jonas Bergström ya ɗora ƙafa ɗaya a kan feda, Eric Hultman ya ɗora tasa a kan ɗaya fedar, kowannensu kuma ya bar ɗaya ƙafar tana hutu. Suka yi ta murza keken nan har ƙafafun da ke aiki suka gaza. Sai aka ɗauko wata allura mai rami a ciki, aka huda cinyoyinsu, wadda ta yi aiki da wadda ta huta, aka yanko 'yar mitsitsiyar tsoka daga kowacce.

Abin da suke nema shi ne gilaikojin, wato nau'in sitacin da tsoka ke ajiyewa a cikinta don ranar buƙata, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. A ƙafar da ta yi aiki, ajiyar ta kusa ƙarewa tas. A wadda ta huta, tana nan yadda take. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Mamakin ya zo ne bayan kwana 3 da suka yi suna cin abinci mai yawan sitaci. Ƙafar da aka ƙarar da ajiyarta ta cika, ta zarce, har ta tara kusan ninki biyu na abin da 'yar'uwarta ke da shi. Jini ɗaya ke zagaya ƙafafun biyu, abinci ɗaya suka samu, amma wadda ta sha wuya ita kaɗai ta sauya.

Mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon a wannan shekarar. A ganina, babu gwajin da ya fito da gaskiyar lamarin fili kamar wannan: tsoka tana sake gina kanta gwargwadon aikin da aka sa ta, kuma wadda aka sa aikin ita ke cin ribar. Kafin a kai ga wannan fahimta, sai da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna lalube, suka kuma ɓata hanya ba sau ɗaya ba.

Me tsoka ke ci?

A tsakiyar ƙarni na 19, maganar Justus von Liebig ita ce magana a fannin sinadarai a Jamus. Shi kuwa ya tafi a kan cewa tsoka jikinta take ci idan tana aiki, wato furotin shi ne makamashinta. Magana ce mai shiga kunne, tunda tsoka nama ce, nama kuwa furotin ne.

Wasu malamai biyu daga birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka ce bari su gwada da jikinsu. A watan Agusta na 1865 suka daina cin duk wani abinci mai furotin, suka hau dutsen Faulhorn, hawan da ya kusa mita 2,000, suna tara fitsarinsu a hanya. Hikimar ita ce, duk furotin ɗin da jiki ya ƙona yana barin shaida a fitsari, wato sinadarin naitirojin. Da suka yi lissafi, sai ga shi furotin ɗin da suka ƙona bai isa ya biya ƙarfin da ya kai su ƙololuwar dutsen ba. Ke nan dole akwai wani abu da tsoka ke ci. Wannan abu shi ne sitaci da kitse.

Tambayar da ta rage, wanne daga ciki, kuma yaushe? A birnin Kofanhagen na Denmak, August Krogh da Johannes Lindhard suka ɗora mutane a kan keke suna auna numfashinsu, domin daga yawan iskar oksijin da mutum ya shaƙa da iskar kabon da ya fitar ana iya gane abin da jikinsa ke ƙonawa. Rahotonsu na 1920 ya nuna jiki na haɗa biyun ne, kuma aiki ya fi yi wa mutum nauyi idan kitse ya fi yawa a abincinsa. A 1939 Erik Hohwü Christensen da Ove Hansen suka ƙara tabbatar da cewa idan aiki ya yi tsanani, jiki na karkata ga sitaci, wanda ya ci sitaci kuma ya fi jimiri a kan keke nesa ba kusa ba.

Laifin da aka ɗora wa laktik

Akwai wani sinadari da ya mamaye wannan tarihi fiye da yadda ya cancanta. Shi ne asid ɗin laktik, wanda ke sa nono tsami. A cikin madara mai tsami ma Carl Wilhelm Scheele ya fara gano shi a 1780. Daga baya aka same shi a cikin tsoka, musamman tsokar dabbar da aka kora har ta gaji.

A 1907, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Walter Fletcher da Frederick Gowland Hopkins suka yi gwaji da tsokar ƙafar kwaɗo. Idan aka yi ta zaburar da ita ba tare da iskar oksijin ba, laktik na taruwa, tsokar kuma ta daina motsi. Idan aka ba ta oksijin, laktik ya ɓace. Daga nan Otto Meyerhof a Jamus ya nuna cewa daga gilaikojin laktik ɗin ke fitowa, shi kuma Archibald Vivian Hill a Ingila ya ƙware wajen auna ɗan zafin da tsoka ke fitarwa idan ta motsa. Su biyun suka raba lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1922.

Hill mutum ne mai son gudu, don haka bai tsaya kan kwaɗi ba. A birnin Mancesta, shi da abokin aikinsa Hartley Lupton sun riƙa zagaya wani ɗan filin ciyawa da gudu, goye da jakar tara numfashi. Suka lura cewa idan mutum na ƙara sauri, iskar oksijin da yake amfani da ita na ƙaruwa, har ta kai wani mataki da ba ta wucewa ko da ya ƙara gudu. Na Hill kansa ya tsaya a wajen lita 4 a minti. Wannan ma'auni, wato iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da ita, har gobe da shi ake auna jimirin 'yan wasa da lafiyar zuciyar marasa lafiya.

Sai dai babban ra'ayin da Hill da Meyerhof suka gina ya rushe tun suna raye. Sun ɗauka samuwar laktik ita ce ke motsa tsoka kai tsaye. A 1930 wani matashin masani ɗan Denmak, Einar Lundsgaard, ya sa wa tsoka wata guba da ke hana ta samar da laktik kwata-kwata, amma tsokar ta ci gaba da motsi na ɗan lokaci. Ashe akwai wata ajiya ta gaggawa, fosfokiriyatin, wadda aka gano a 1927, a bayanta kuma akwai sinadarin ATP da Karl Lohmann ya gano a 1929, wanda shi ne ainihin abin da tsoka ke kashewa a duk motsi. Abin da ya burge ni da Hill shi ne bai tsaya kare martabarsa ba. A 1932 ya rubuta maƙala ya kira abin da ya faru juyin juya hali a ilimin tsoka. 

Duk da haka baƙin jinin laktik bai gushe ba. An ci gaba da kallonsa a matsayin sharar da tsoka ke zubarwa idan ta rasa iska, kuma shi ake zargi da kowace irin gajiya. Sai a shekarun 1980 George Brooks na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya tara hujjojin da ke nuna cewa jiki na samar da shi ko da iska ta wadata, kuma abinci ne: zuciya na ƙona shi, wasu zaruruwan tsoka na ƙona shi, hanta kuma na mayar da shi suga. Ciwon jikin da ke kama mutum kwana ɗaya ko biyu bayan ranar farko ta noma ko ta atisayen ƙwallo, ba laktik ne ke kawo shi ba, domin cikin sa'a guda ko makamancin haka jini ya riga ya share shi. Ƙananan raunuka ne a zaruruwan tsoka da kumburin da ke biyo baya. Amma har yau za ka ji masu horar da 'yan wasa suna ɗora masa laifin.

Allurar da ta buɗe ƙofa

Kusan duk abin da aka sani kafin 1960 game da cikin tsoka, daga dabbobi aka samo shi, ko kuma daga numfashi da jinin mutum. Ba mai iya leƙa tsokar ɗan Adam yana tsaka da aiki. Bergström likitan ƙoda ne, abin da ya dame shi tun farko shi ne gishirin da ke cikin tsokar majinyatansa. Don haka ne a 1962 ya fito da allurar da ke iya ciro ɗan yanki ba tare da tiyata ba. Bai ƙera ta don 'yan wasa ba, amma su ta fi amfana.

Shekara guda bayan gwajin keken, a 1967, Bergström da Hultman suka haɗu da Lars Hermansen da Bengt Saltin, suka gwada mutum 9 da abinci iri uku. Bayan kwanaki na cin kitse da furotin zalla, mutanen suka iya murza keke na kimanin minti 57 kafin su gaza. Da abinci na yau da kullum, minti 114. Da abinci mai yawan sitaci, minti 167. Yawan gilaikojin da ke cikin cinya kafin a fara, shi ke faɗin inda mutum zai tsaya. Masu tseren dogon zango ba su yi wata-wata ba suka rungumi dabarar. Ron Hill na Ingila ya yi amfani da ita ya lashe gudun fanfalaki na gasar Turai a birnin Atina a 1969.

Ɓerayen Holloszy

Idan aka tambayi likita a 1960 dalilin da ya sa mai yawan gudu ya fi jimiri, amsarsa ɗaya ce: zuciyarsa ta ƙara ƙarfi, tana tura jini da yawa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ana ganin ita tsoka karɓa kawai take yi. Wasu ma sun riga sun gwada, sun sa ɓeraye iyo na rabin sa'a kullum, suka duba tsokarsu ba su ga wani canji ba, aka ɗauka magana ta ƙare.

John Holloszy, likita a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka, bai yarda ba. Tunaninsa mai sauƙi ne: iyon rabin sa'a wasa ne a wurin ɓera, ta yaya jiki zai sauya saboda abin da bai dame shi ba? Sai ya ɗora nasa ɓerayen a kan injin gudu, yana ƙara musu sauri da lokaci sannu a hankali, har bayan mako 12 suna gudun sa'a 2 a rana, kwana 5 a mako.

Abin da ya duba shi ne mitokondiriya, wasu ƙananan sassa a cikin ƙwayar halitta inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samar da ATP. A rahoton da ya fitar a 1967, ƙarfin tsokar ɓerayen na ƙona makamashi ya ninka, manyan sinadaran da ke gudanar da aikin sun ninka, furotin ɗin mitokondiriya kuma ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. A nan ne fannin nan ya samu gindin zama. Binciken da ya biyo baya ya fayyace ma'anar hakan: tsokar da ta saba aiki ta fi ƙona kitse, tana tattalin gilaikojin ɗinta, ba ta tara laktik da wuri. Shi ya sa tafiyar da ke sa baƙo haki, wanda ya saba yana yinta yana hira.

Ba da jimawa ba allurar Bergström ta nuna haka abin yake a jikin mutum. Philip Gollnick da Saltin sun duba cinyoyin 'yan wasa a 1972, suka ga masu dogon zango sun fi yawan zaruruwa masu jinkirin gajiya. A 1976 kuma Saltin ya sa mutane horar da ƙafa ɗaya na tsawon makonni, aka ga sauyin ya fi yawa a ƙafar da aka horar.

Ribar da ba ta zama

Ga ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, aka kwantar da samari 5 lafiyayyu, 'yan kimanin shekara 20, a kan gado na mako 3 ba tashi. Saltin na cikin masu binciken, tare da Jere Mitchell da Gunnar Blomqvist. Da suka tashi, iyakar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Horo na mako 8 ya dawo da su, har ya wuce da su inda suke a da.

Bayan shekara 30, a 1996, aka nemo mutanen nan biyar aka sake auna su. Sun kai shekara 50, sun ƙara ƙiba, amma raguwar da tsufan shekara 30 ya jawo musu, kimanin kashi 11 cikin 100, ba ta kai ɓarnar da kwanciyar mako 3 ta yi musu suna samari ba. A zamanin da aka yi gwajin farko, al'adar asibitoci ita ce a kwantar da wanda ya samu bugun zuciya na tsawon makonni. Wannan bincike na cikin abubuwan da suka sa aka koma tayar da majinyaci da wuri.

A cikin tsoka ma haka. Edward Coyle da abokan aikinsa sun nuna a 1984 cewa idan ƙwararren ɗan wasa ya daina horo, cikin kimanin kwana 12 rabin abin da zai rasa na sinadaran mitokondiriya ya riga ya tafi. Jiki ba ya ciyar da abin da ba a amfani da shi.

Inda labarin ya haɗu da ciwon suga

Tun 1926 wani likita a Landan, R. D. Lawrence, wanda shi kansa yana da ciwon suga, ya nuna cewa motsa jiki na ƙara wa allurar insulin ƙarfin sauke suga. Dalilin ne ba a sani ba sai bayan shekaru fiye da 50. Tsoka ita ce kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin jikin mutum, kuma ita ke kwashe mafi yawan sugan da insulin ke fitarwa daga jini. A 1982 Erik Richter da abokan aikinsa a birnin Boston suka nuna cewa tsokar ɓeran da ya yi gudu ta fi saurin amsa kiran insulin. A 1988 David James da abokansa suka gano furotin ɗin da ke shigar da suga cikin tsoka, wanda aka raɗa wa suna GLUT4. Yana ɓoye ne a cikin ƙwayar halitta, insulin ke fito da shi bakin fatar ƙwayar. Abin farin cikin shi ne, motsin tsoka ma na fito da shi ta wata hanya daban, ko da tsokar ta daina sauraron insulin yadda ya kamata, kamar yadda ke faruwa ga mai ciwon suga nau'i na biyu. Tasirin motsa jiki sau ɗaya kan kai kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya dusashe.

Daga nan bincike ya nutsa cikin ƙwayar halitta. A 1996 Will Winder da Grahame Hardie suka nuna cewa motsa jiki na tayar da wani sinadari, AMPK, mai lura da ƙarancin makamashi. A 1998 ɗakin binciken Bruce Spiegelman ya gano PGC-1 alfa, wanda ke ba da umarnin gina sababbin mitokondiriya, a 2002 kuma ɗakin binciken Holloszy ya nuna motsa jiki na ƙara shi. Shekara 35 ke nan tsakanin ganin abu da gane yadda yake faruwa. A Kofanhagen, Bente Klarlund Pedersen da ayarinta suka nuna a shekarar 2000 cewa tsoka mai aiki na sakin wasu sinadarai cikin jini, masu kai saƙo ga sauran sassan jiki.

Ko duk wannan ya amfani talaka, ko kuwa ya tsaya a ɗakin gwaji? Amsar ta zo a 2002, daga wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ba maganin metformin, kamuwarsu ta ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su rage ƙiba kaɗan, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako, tasu ta ragu da kashi 58.

Ya kamata a faɗi wani gibi da ke cikin wannan tarihi. Mafi yawan cinyoyin da aka huda a shekarun farko na samari maza ne, Turawa. Mata da tsofaffi da 'yan Afirka sun shigo a makare, ko da yake Saltin ya je Kenya a shekarun 1990 ya yi nazarin masu gudunta. Jami'o'inmu na da sassan nazarin aikin jiki da na motsa jiki, kuma wannan fage ne da ya dace su shiga da ƙarfi, domin matsalar ciwon suga ta iso ƙofar gidanmu. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Iyayenmu da kakanninmu ba su san sunan mitokondiriya ba, amma noma da daka da jan ruwa a rijiya da tafiya kasuwa a ƙasa sun riƙa gina musu ita kullum. Yau a birane babur da a-daidaita-sahu da injin niƙa sun ɗauke mana wannan wahala, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma mata. Sai dai tuwon da muke ci bai ragu ba, lemon kwalba ma ya ƙaru, ita kuwa tsoka ba ta san uzuri ba, aikin da ta gani shi take amsawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau 2. Tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana 5 a mako, ta cika adadin farko. Tunda tasirin kan suga ba ya wuce kwana biyu, kada mai karatu ya tara abin ya ce sai ranar Asabar. A rarraba shi cikin mako. Wanda kuma ke allurar insulin ko shan maganin sauke suga, ko mai ciwon zuciya, ya fara ganin likitansa kafin ya soma, domin motsa jiki na iya sauke suga fiye da kima.